Layi Biyu Tsakanina da Surukina

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙi a cikin Kano, daga adaidaita har bas ɗin haya, ban taɓa ko kwarzanar motar wani ba. Amma in gaya muku gaskiya, duk tsawon shekarun nan na ɗauka fentin da ake zanawa a titi ado ne. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Mu a tasha, in muka wayi gari muka ga titi ya sha farin fenti, cewa muke babban baƙo zai shigo gari.

Neman aiki ne ya buɗe min ido. Wata makarantar 'yan mata a wajen Kabuga tana neman direban bas, ni kuwa na gaji da rigimar tasha, ina son aikin da zan riƙa yin magariba a unguwarmu, Soron Ɗinki. Matsalar ɗaya ce, mai makarantar, Hajiya Turai. Da kanta take shiga mota ta gwada direba, kuma an ce mutum uku ta sallama a mako guda, dukansu a kan taka layi.

Sai na tafi wurin maƙwabcinmu Malam Salihu, tsohon ma'aikacin kiyaye haɗurra da ya yi ritaya. Ya ɗauko gawayi ya zana min titi a daɓen zaurensa.

"Ka ga wannan mai yanke-yanken? Za ka iya tsallaka shi ka wuce na gabanka, in ka duba ba mai tahowa," in ji shi. "Wannan miƙaƙƙen da bai yanke ba, zauna a hannunka. In kuwa ka ga biyu a jere, Tajuddeen, ka ɗauka katanga ce. Ba wucewa, ba juyawa, ko da titin ba kowa."

Ya nuna min kibiyoyin da ke gaya wa direba inda hannunsa zai kai shi, da faffaɗan layin da ake tsayawa a bayansa a danja, da zanen da masu ƙafa ke tsallakawa a kai. Cikin mako biyu na haddace su tsaf. Har mai ɗakina Na'ima ta fara yi min tsiya, wai ko tabarma na gani sai na duba ta ina ake wucewa.

Ranar Talata bayan azahar na je gwajin, ko ɗar ban ji ba. Muka shiga bas ɗin makarantar, Hajiya Turai ta zauna a kujerar da ke bayana, jaka a cinya, tabarau a karan hanci. "Bismillah, Malam Tajuddeen," ta ce.

A danja ta farko na tsaya a bayan farin layi daidai. Wani mai adaidaita ya danna min hon, ya leƙo yana cewa, "Malam, matsa mana, ko salla ka tayar?" Ban ko kalle shi ba. Da muka zo inda aka zana kibiya mai lanƙwasa dama, na kunna sigina tun daga nesa na koma hannun masu miƙewa. A zanen masu ƙafa kuwa wasu tsofaffi biyu na tsaya wa, suka ƙi tsallakawa, suna kallona kamar na shirya musu wata mugunta, sai da na fito da hannu na yi musu alama. Na ji Hajiya ta ɗan yi gyaran murya. Na ce a raina, aikin nan ya zama nawa.

Daga nan ta ce mu bi wani titi da aka zuba wa sabuwar kwalta, mai shiga cikin gari. Titin ba shi da faɗi, akwai kwana a gaba, kuma a tsakiyarsa ga layi biyu fari tas a jere. A nan ne idona ya faɗa tsallaken titi.

Baba ne, Alhaji Giɗaɗo, mahaifin Na'ima. Yana tsaye a cikin rana da sandarsa da ledar magani, yana neman abin hawa. Kuma ya gan ni. Ya ɗaga min sanda.

Wanda bai san Baba ba zai ga ƙaramin abu ne. Shekara tara da aurenmu da Na'ima, ban taɓa wuce shi a hanya ba. Ko a babur nake, daga nesa nake kashewa, in tuɓe takalmi, in durƙusa. Bafulatanin dattijo ne da bai ɗauki gaisuwa da wasa ba, akwai ɗan ƙaninsa da ya yi shekara bai amsa masa ba don ya gaishe shi a tsaye. Hannuna da kansa ya fara karkata sitiyari. Ba mota a gabana, ba mota a bayana. Duk direban da na sani a Kano da ya lanƙwasa kawai ya isa gabansa.

Na mayar da sitiyarin, na riƙe shi gam, na wuce. Ta madubi na ga sandar Baba tana sauka a hankali. Wallahi kunyar da na ji a lokacin, tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin irinta ba.

"Wane ne dattijon can da yake ɗaga maka sanda?" Hajiya ta tambaya.

"Baban mai ɗakina ne, Hajiya."

"Surukinka? Ka wuce shi a cikin ranar nan?"

Muryarta ta yi kaifi. Sai a lokacin na tuna ita ma 'yar cikin ganuwa ce, tana da surukai masu durƙusa mata. Na ce shi ke nan, na ɓata da Baba, ga aikin ma zai suɓuce. Amma na san abin da na yi, don haka na faɗa mata kai tsaye.

"Layi biyu ne, Hajiya, kuma kwana ce. In na gindaya bas a wurin, mai fitowa daga can ba zai gan ni ba sai ya zo kaina."

Muka ɗan ƙara gaba. Can ta ce, "Ina ne aka yarda ka juya?"

"Sai shataletalen gaba."

"To me kake jira?"

Na zagaya shataletalen na dawo ta hannun Baba. Na kunna sigina, na sauka gefen titi sosai, na ja birki. Na fito na tuɓe takalmi na durƙusa a kan ƙasa mai zafi.

"Barka da rana, Baba."

Bai amsa ba. Ya gyara riƙon ledarsa, yana kallon wani wuri can daban.

"Na ga wata mota ta wuce," ya ce. "Na ce ko idon nawa ne ya fara."

Na sunkuyar da kai. Me zan ce? In yi wa surukina bayanin fenti?

Sai na ji an zuge gilashi a bayana. Hajiya Turai ta leƙo.

"Alhaji, barka da rana. A yi masa afuwa, a kan aiki yake, ni na sa shi. Sabon direban makarantarmu ne. Daga Litinin 'ya'yan mutane talatin zai riƙa ɗauka."

A durƙushe nake, amma sai da na ɗago na kalle ta. Ta harare ni ta saman tabarau, na mayar da kaina ƙasa.

Baba ya dubi bas ɗin daga gaba har baya, sannan ya dubi Hajiya.

"Talatin?"

"Talatin, Alhaji."

Ya jinjina kai. Sai ya taɓa kafaɗata da bakin sandarsa.

"Barka kadai," ya ce. "Tashi mana, ƙasar nan da zafi. Zo ka buɗe min ƙofa."