Uwar Kaset ta Biyar

Sunana Omowunmi, amma mutanen Funtua sun gaji da murɗa harshe tun ina yarinya, suka mai da ni Ummi. A nan aka yanke mini cibiya, bayan tashar jirgin ƙasa, a shagon mahaifina Alhaji Kazeem mai kaset. Yanzu kaset ya mutu, waƙoƙi nake tura wa mutane a waya, amma akwatin ƙarfen Baba yana nan ƙarƙashin teburina. A cikinsa akwai uwayen kaset tara na marigayi Ɗanjuma Gozaki, makaɗin noman da gangarsa ta sa ƙarti suka riƙa karya ƙotar garma daga Malumfashi har Dandume. Baba ne kaɗai ya taɓa ɗaukar muryarsa, kuma daga waɗannan uwaye aka kwafi duk kaset ɗinsa da ya shiga kasuwa.

Wata Litinin da hantsi Zainulabidin, babban ɗan marigayin, ya shigo shagona da takarda a hannu. Malamin makaranta ne, mai son a ce ya iya tsari. Ya ce za su yi taron cika shekara ashirin da rasuwar mahaifinsa a Gozaki ta ƙasar Kafur, za a buga ɗan littafi mai jerin waƙoƙinsa, a kuma ɗora su a intanet. Yana so in juye uwayen kaset zuwa kwamfuta, in kuma sa hannu cewa jerin daidai ne.

Na karanta layin farko na kwashe da dariya.

"Malam Zainu, waƙa ɗari uku? Kaset miliyan biyu? Mutum nawa ne ke da rikoda a ƙasar Kafur a lokacin?"

"Haba Hajiya Ummi, ai kirari ne. Wa zai ƙirga?"

"Baba ya ƙirga."

Na jawo littafin Baba mai baƙin bango na buɗe masa. Waƙa arba'in da ɗaya, a kaset tara. Wanda ya fi tafiya shi ne na biyar, mai ɗauke da "Auduga Ta Yi Dariya", kwafi dubu shida da ɗari biyu. Na ce masa kirari na ganga ne, idan aka buga ya bi iska shi ke nan, amma takarda jikoki ne za su karanta ta. Kuma mutumin da waƙa arba'in da ɗaya suka ishe shi a tuna shi bayan shekara ashirin ba ya bukatar a yi masa ƙari. Ya ɓata rai, ya yi ta juya takardar, daga baya ya ce to, a gyara lissafin. Na ɗauka rigimar ta ƙare ke nan.

Baba yana da wata al'ada idan zai ɗauki waƙa. Kafin a taɓa ganga sai ya danna rikoda, ya sa mawaƙi ya faɗi rana da sunan waƙa da bakinsa, don kada su rikice masa. Idan an zo kwafa sai a tsallake wannan gabatarwa, a fara daga kiɗa. Saboda haka ba wanda ya taɓa jin ta sai shi.

Ran Laraba na kai kan uwa ta biyar. Na sa ta a tsohuwar rikoda, zare ya yi ƙara, sai na ji muryar Ɗanjuma a dashe, da ƙyar take fita.

"Kazimu, ka rubuta. Yau Talata, bayan gayyar Dandume. Muryata ta tafi. Wannan waƙa ta Ummaru ce, shi ya ƙulla ta, shi zai ja. Ni zan yi mashi amshi. Ummaru, ɗauka."

Sai ganga ta tashi, aka fara "Auduga Ta Yi Dariya".

Na mayar da zaren baya sau uku. Ummaru shi ne babban ɗan amshin Ɗanjuma, shekara ashirin da biyu yana tsaye a damansa, har muryoyinsu suka zama kamar tagwaye. Na buɗe littafin Baba na duba layin waƙar. An rubuta Ummaru da shuɗin biro, an soke da baƙi, an ɗora Ɗanjuma a sama. Rubutun Baba ne, duka biyun. Na san dalili ba sai an faɗa mini ba: an riga an buga kwalin kaset da hoton Ɗanjuma, kuma sunan ɗan amshi ba ya sayar da kaset. Kunya ta kama ni, sai kuma haushi. Mutumin da ya taɓa zane ni saboda na rubuta wa mai ciniki kwanan wata ba daidai ba, shi ne ya soke sunan mutum sukutum.

A nan na gane wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai. Kowa ya sani Ɗanjuma bai taɓa yin wannan waƙa a gona ba. Sarakunan noma sun roƙe shi, wani har ɗan maraƙi ya ɗaure masa a bakin gona, ya ƙi. Aka yi ta cewa girman kai ne. Ashe ba tasa ba ce, shi ya sa ya ƙi sa mata baki.

Washegari na rufe shago na hau mota zuwa Gozaki. Na tarar da Baba Ummaru a 'yar gonarsa yana tsintar auduga, buhu rataye a wuya, ya tsufa har ya ranƙwafa. Na durƙusa na gaishe shi, ya ƙura mini ido.

"Ɗiyar Kazimu ce? Ikon Allah. Ke ce mai zama kan benci kina karkaɗa ƙafa in muna kiɗa."

Na faɗa masa abin da na ji. Hannunsa bai daina tsinta ba.

"Waƙar Maigida ce."

"Baba, da kunnena na ji shi yana cewa taka ce."

"Ɗan amshi ba shi da waƙa, ɗiyata. Abin da ya faɗo bakinka a ƙarƙashin gangar wani, na mai ganga ne. Da kaset ya fito, aka karanta mashi kwali, Maigida ya ɗauki sanda zai tafi Funtua ya yi wa ubanki tijara. Ni na riƙe mashi riga. Na ce in ya je, na bar amshi. Shi ya ƙi yin ta don tawa ce, ni na ƙi ja yana tsaye don ubangidana ne. Haka muka zauna har ƙasa ta rufe mashi ido."

"To yanzu fa?"

"Yanzu ki bar matattu su huta. Har da naki."

Na dawo a mota ina ta cizon yatsa. Na girmama shi, amma ban yarda da shi ba. Kawaici nasa ne, yana da ikon yin sa. Littafin kuwa a hannuna yake, kuma ƙaryar da ke ciki ta gidanmu ce. Idan na sa hannu aka ɗora a intanet, sunan Ummaru ya nutse ke nan har abada, kuma wannan karon ni na danna shi.

Na kira Zainulabidin na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, fuskarsa ta yi nauyi.

"Wa ya ji wannan bayan ke?"

"Ni da kai. Ranar taro kuma kowa."

"Hajiya, wannan ita ce waƙar da aka san mahaifina da ita. In kika cire ta me ya rage?"

"Arba'in. Da kuma mutumin da ya ce a rubuta gaskiya. Ni da ubana ne ya faɗi haka, da na yi alfahari."

"Shi Baba Ummarun ya ce yana so?"

"Bai ce ba."

"To mene ne naki a ciki? Kiɗan noma gadonmu ne, ku kaset kawai kuka zo sayarwa. Kuma ki sani, asirin mahaifinki za ki tona a gaban jama'a."

Wannan magana ta sosa ni, ba zan ɓoye ba. Na ce masa a Funtua aka haife ni, a nan aka binne ubana da uwata, in yana da wani garin da zai kai ni ya kawo kuɗin mota. Asirin Baba kuwa, gara in tona shi nan duniya da a tona shi inda ba ni da bakin roƙa masa gafara. Na ce ba zan sa hannu ba, kuma ranar taro daga farkon zare zan kunna, ba daga kiɗa ba. Na faɗa masa tun da wuri don kada a ce na yi masa shigo-shigo ba zurfi.

Ya yi murmushi irin na wanda ya tabbata mace ba za ta iya ba. Ya je ya buga littafi ɗari huɗu ba da sa hannuna ba. Lissafin waƙoƙi da na kaset ya gyaru, amma a shafi na uku, gaban "Auduga Ta Yi Dariya", sunan Ɗanjuma ne. Bai kuma iya hana ni zuwa ba, tunda uwayen kaset a wurina suke, kuma na ce ƙafata ƙafarsu.

An yi taron ran Asabar da safe a filin makarantar firamare. Manoma sun cika wurin, tsofaffi a kan tabarmi, matasa a kan babura. Aka yi addu'a, aka yi jawabai masu tsawo. Baba Ummaru yana can ƙarshen tabarma, ba wanda ya kira shi gaba. Na kunna kaset na ɗaya zuwa na huɗu, waƙa ɗaɗɗaya, mutane suna girgiza kai. Da na ɗauko na biyar, Zainulabidin ya matso ya dafa teburina.

"Hajiya Ummi, don girman Allah."

"Don girmansa zan yi, Malam."

Na karɓi makirufo. Na ce ni ce Ummi ɗiyar Alhaji Kazeem mai kaset. Na ce mahaifina ya yanke wata magana daga wannan kaset shekara talatin da biyu da suka wuce, ya soke sunan mai waƙa don ciniki, kuma laifin nasa ne shi kaɗai, Ɗanjuma ba shi da hannu. Na roƙi a yafe masa. Sannan na danna.

Muryar Ɗanjuma ta fito ta lasifika a dashe, ta cika filin. "Kazimu, ka rubuta." Wata tsohuwa ta rafka salati. Muryar ta ci gaba har inda ya ce, "Ni zan yi mashi amshi. Ummaru, ɗauka."

Ban shirya abin da na yi daga nan ba. Kafin ganga ta shigo, na tsayar da zaren.

Duk idanu suka koma ƙarshen tabarma. Baba Ummaru yana zaune. Ni ya iya ƙi, sarakunan noma ma da sun roƙe shi zai iya ƙin su, amma wannan muryar shekara ashirin da biyu bai taɓa ce mata a'a ba. Ya dafa sanda ya miƙe. Ba ganga, ba makirufo, ya ɗaga kai ya ja baitin farko, na manomin da ya sha rana wata shida, sai gonarsa ta buɗe fararen haƙora tana masa dariya. Da ya kai gaɓar amshi ya tsaya, ya waiga gefensa inda babu kowa.

Tsofaffin kan tabarma ne suka fara amsawa, sai matasa, sai filin duka. Waƙar da aka sani shekara talatin da biyu a rikoda, ranar aka fara jin ta daga bakin mutum. Na hango Zainulabidin ya juya wa jama'a baya yana share fuska da hula. Ban sani ba ko ya amsa, ban kuma tambaye shi ba.

Da aka tashi, na jawo kwalin littattafan nan ɗari huɗu gabana, na zaro shuɗin biro. Duk mai son littafi sai ya biyo ta teburina. Ina buɗe shafi na uku, in ja layi, in rubuta Ummaru Gozaki. Zainulabidin ya zo ya ga abin da nake yi, sannan ya tafi sallamar baƙi. Har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

Na kai wajen na sittin sai na ga inuwa a kan takarda. Baba Ummaru ne.

"Ɗiyar Kazimu, ba ki jin magana."

"Ba na ji, Baba."

Ya ɗauki littafi ɗaya ya riƙe shi a juye, don bai yi boko ba. Na gyara masa.

"Wane ne nawa a ciki?"

Na kama yatsansa mai kanta na ɗora a kan layin. Ya daɗe yana shafa wurin.

"Ashe ɗan ƙarami ne," in ji shi.

Na karɓi littafin, na buɗe littafin Baba mai baƙin bango a gefensa, na rubuta sunan a duka biyun da manyan baƙaƙe, yadda ko tsoho zai gani.