A'ar Farko

Majken ce ke tuƙi. Dusar ƙanƙara ta lulluɓe hanyar ƙauyen fari fat, rassan itatuwa sun sunkuya da nauyinta, amma abin da ya dame ta shi ne saurayin da ke gefenta, da 'yar kwamfuta a cinyarsa, yana ƙamshin turaren birni.

Pontus sunansa. Kamfanin da take yi wa aiki, mai tura ma'aikata gidajen tsofaffi su yi musu wanka, su ba su magani da abinci, shi ya ɗauko shi daga Stockholm, babban birnin ƙasar, ya auna yadda aiki ke tafiya: ina lokaci ke zurarewa, wa ke jan ƙafa. Kowa a ofis ya san abin da ke biyo bayan irin wannan awo. Irinsa aka yi bara a masana'antar katako, tun daga nan mijinta Rune yake zaune a gida yana gyaran abin da bai lalace ba. Ita kuwa aikin wucin gadi take yi, ƙarshen wata za a faɗi waɗanda za a riƙe.

“Ki saki jikinki mana,” in ji Pontus yana murmushi. “Ki ɗauka kujera ce kawai a gefenki.”

“Kujerata ba ta rubutu,” ta ce.

Ya yi dariya sosai. Ba mugu ba ne, shi ya fi ba ta tsoro. Cikin fara'a ya gaya mata na'urar ƙirga lokaci da ke ƙofar kowane gida ta nuna cewa ta fi daɗewa wajen wani Torvald, ya tambayi abin da ke riƙe ta a can. Ta ce tsufa ne, komai nasa a hankali. Ya gyaɗa kai, ya taɓa kwamfutarsa.

Ta yaya za ta yi masa bayani? Torvald tsohon mai saran itace ne, ɗan zamanin da abin kunya ne a miƙo maka abu ka karɓa a tayin farko. In ta ce za ta ɗumama masa abinci sai ya ce a'a. Ta matsa, ya ce ai ya ci. Ta ce ranta zai ɓaci, ta ajiye kwanon a gabansa. Sai ya ja numfashi kamar wanda aka ci da yaƙi, ya ce tunda ta nace. Kuma ba ya kai cokali baki sai ta zauna ya zuba mata kofi. Matarsa Birgit ta yi shekaru tana wannan wasa da shi. Da ta rasu, babu wanda ya gane dokokinsa sai Majken.

* * *

Sun tarar da shi ya sa rigar zuwa coci, ya taje gashinsa da ruwa. An gaya masa za a zo da baƙo. Kicin ɗin na ƙamshin kofi, ga kofuna a jere a kan tebur, har da na Pontus.

“Wannan ne sabon mijin, 'yar nan? Rune ya sani kuwa?”

“Baffa Torvald, daga Stockholm yake, aikinmu ya zo gani.”

“Stockholm? Ayya,” in ji tsohon, ya dubi Pontus da tausayi. “Ba laifinka ba ne, samari.”

Pontus ya yi dariya, ya tsaya jikin ƙofa da safa a ƙafa, yatsansa a kan gilashin kwamfutar. Majken ta ba da magani, ta duba ƙafar da ke kumbura, tana jin idon baƙon a bayanta kamar garwashi. Sannan ta fito da romon wake da aka saba ci ranar Alhamis daga jaka, ta tambaya ko ta ɗumama masa.

“A'a, 'yar nan, kada ki wahalar da kanki saboda ni.”

Ya faɗa ne da ƙyallin wasa a idonsa, har ya fara jawo kujera da ƙafa. Jira yake. Agogon bango na bugawa. A ƙa'idar kamfani, in tsoho ya ce a'a, a'a ce, zaɓinsa ne, ba a tilasta shi. Ta tuna Rune a bakin taga da safe, yana yi kamar bai damu ba. Ta san maganar da ta saba faɗa a nan, amma ba ta matsa masa ba.

“To shi ke nan, Baffa. Ga shi a firji.”

Ƙyallin bai mutu nan take ba. Ya ɗan tsaya, kamar fitilar da aka zare wa waya. Tsohon ya mayar da kujerar a hankali, ya ce gaskiya ne, suna da aiki a gabansu, kada ya tsare su.

A mota Pontus ya yaba mata. Ya ce abin da yake son kowa ya koya ke nan: ta tambaya, ta girmama amsarsa, ta wuce. Majken ta kunna mota, ba ta dubi madubi ba, don ta san tsohon na tsaye a taga.

* * *

An riƙe ta. Shugabar ofis ta karanta sakamakon awon a taro, aka tafa. An rage lokacin gidan Torvald tunda ba ya son a zauna masa da abinci, an sake raba hanyoyi, aka mai da Majken ƙetaren kogi, nesa da gidansa. Rune ya sayo furanni, ya rungume ta har ƙafarta ta bar ƙasa. Ta yi kuka a kafaɗarsa, ya ɗauka na murna ne.

Kullum tana cewa gobe za ta leƙa tsohon. Sai da ƙanƙara ta fara narkewa ta samu ranar hutu ta je.

Ya buɗe mata da kansa. Rigar ta yi masa yawa, wuyansa ya zama kamar na tsuntsu. Ta buɗe firji ta ga kwanuka a jere, ko murfinsu ba a ɗaga ba. Ma'aikatan da ke zuwa yanzu mutanen kirki ne, kullum sabuwar fuska. Kowanne yana tambaya, kowanne yana girmama amsa.

Ta ɗumama romo, ta ajiye a gabansa. Ya ce a'a. Ta matsa, ya ce ya ci. Ta ce wallahi ranta zai ɓaci, ta jawo kujera ta zauna, tana jiran ya ja numfashin nan nasa.

Ya daɗe yana kallon tururin da ke tashi daga kwanon. Sannan ya tura shi gefe da bayan hannu, ba da fushi ba.

“Na ce a'a, Majken. Cikin ya daina tambaya.”

Bai taɓa kiran ta da sunanta ba sai yau. Ta ɗago ido tana neman tukunyar kofi a kan murhu, ba ta gan ta ba. A kan kanta, can sama inda hannunsa ba ya kaiwa sai da kujera, kofin da take sha da shi na nan a kife.