Haddar Littafin Fatake

Ziblim bai taɓa zama a ajin boko ba, amma a ganinsa ya san yadda ake karatu. A makarantar allon da ya yi can arewa, ba a wanke allo sai yaro ya kawo abin da ke kai da ka. Don haka ranar da 'yarsa Mulikatu ta shigo gidansu na unguwar Nima da wani littafi mai jan bango, ta ce Ticha Sayibu ne ya ba ta aro don ta karanta ta ba 'yan aji labarinsa kafin hutu, sai ya gyara zama.

"Me ke cikinsa?"

"Labarin wata yarinya ne, Baba, zamanin fataken goro. Ta bi ayari zuwa Salaga."

"To, madalla. Kada ki juya shafi sai kin haddace shi."

Da yake da Turanci aka rubuta, ya roƙi maƙwabcinsu Ganiyu tela ya riƙa bin layi da yatsa. Kullum bayan la'asar, in Ziblim ya dawo daga dako a Kasuwar Malam Atta, sai yarinya ta durƙusa gaban keken ɗinki ta rufe ido tana biyawa. Ta tsallake kalma ɗaya, Ganiyu ya buga almakashi a tebur, a koma farko.

Hutu ya yi ta matsowa, ayarin cikin littafi ko ƙofar gari bai fita ba. Mulikatu ta rame, ko wasa ta daina fita.

Ayishetu, yayar Ziblim mai sayar da shinkafa da wake a bakin titi, ta leƙo wata rana ta ga abin da ake ciki.

"Ƙanena, kan nan ba na boko ba ne. Ɗan littafin da bai kai kaurin tafin hannu ba! In an yi hutu ka ba ni ita, ta riƙa wanke mini kwanoni. Makarantar ta isa haka."

Ya ce in har ba ta gama ba, ya yarda. Tun da ya faɗa kuwa abinci ya daina yi masa daɗi.

Wata safiya ya fasa zuwa kasuwa, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya nufi makarantar.

"Ticha, roƙo na zo. Littafin nan ya yi wa yarinyar nauyi. A taimaka a ƙara mata lokaci, ko zuwa baɗi."

"Baɗi?" in ji Ticha Sayibu. "Yara kan cinye shi cikin mako. Kuma Mulikatu? Ai ba wanda ya kai ta saurin karatu a ajin nan."

Ya kira ta, ya tambaye ta inda ta kai. Sai ta rufe ido, ta ɗauko tun daga layin farko, tana kaɗa kai gaba da baya, babu littafi a hannu. Shafi ya ƙare, ta shiga na gaba. Ticha ya saki baki, daga nan ya dafa bango yana dariya har da hawaye.

"Baban Mulikatu, wa ya ce ta haddace?"

"Akwai wani karatun ne ban da wannan?"

"In tsohuwa na yi maka tatsuniya, kakan tsayar da ita sai ka haddace kafin ta ci gaba?"

Ziblim ya girgiza kai. "A'a."

"To, shi ma wannan haka ake jin sa. Ke kuma kika yi shiru?"

"Baba ne ya ce," in ji ta, kanta a ƙasa.

Da yamma ta zauna a kan benci tana juya shafi bayan shafi. Duk lokacin da takarda ta yi motsi sai gaban Ziblim ya faɗi, kamar ana zubar da hatsi a ƙasa, amma ya daure ya bar ta ta ci gaba. Can ya ji ta yi dariya ita kaɗai.

"Me ya faru?"

"Jakinsu ne ya ƙi shiga kwalekwale, Baba."

"To, ci gaba mana, a ji yadda aka yi da shi!" Ganiyu ya faɗa daga kan keke. "Na gaji da ƙofar garin nan."

Kafin Juma'a ta zagayo ta rufe bangon baya. Ziblim ya taka a hankali har wurin yayarsa, ya gaishe ta, ya zauna kan kujerar masu ciniki.

"Yaya, sai ki nemi wata mai wanke-wanken. Mulikatu tana komawa aji." Ya ja numfashi, ya miƙe ƙafa. "Zuba mini, ki cika kwanon. Yunwa nake ji."