Sake Ni!

Ranar da wani ɗan iska ya damƙe min wuyan hannu a lungun da ke tsakanin shagonmu da tashar bas, rana ce tsaka, mutane na ta wucewa a bakin titi. Ya fizge jakata ya arce. Ba jakar ce ta fi min ciwo ba, bakina ne da ya ƙi buɗuwa. Ni da nake cika gida da surutu, na tsaya kamar an dasa ni, ko uffan ban ce ba.

Ni mai haɗa tabarau ce. Likita ya auna ido ya ba da lamba, ni kuma in yanka gilashin a inji, in goge bakinsa, in zaunar da shi cikin firam, in ɗaure da sukurori ƙanana da sai ka riƙe numfashi kafin ka kama su. Ina son aikin nan kamar raina. Ka ga tsoho ya saka tabarau ya dubi jikarsa ya ce, "Ashe haka kike da kyau?" To wannan kaɗai ya ishe ni farin cikin wuni guda.

Maigidana, Dogo, direban motar kai tukwanen gas ne, ƙato, mai hannu kamar faranti. Da ya ga shatin yatsu a hannuna sai idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Aikin nan ya ƙare," in ji shi. "Yau jaka, gobe me? Ni ina can bakin gari da mota, wa zai cece ki?"

Na yi magiya, na yi fushi, na yi kuka, duk a banza. Iyakar abin da na samu shi ne ya bar ni in kai ƙarshen wata. Ya ce ranar Asabar ta ƙarshe zai kira mahaifiyarsa, Inna, ta zo ta yi min magana, don ya san ba na iya musu da ita.

Sajan ce ta ga idona a kumbure. Ita ce mai gadin ƙofar shagonmu, tsohuwar soja, gajeruwa, ba ta dariya sai da dalili. Da ta ji labarin sai ta zaro makullanta daga aljihu. A jikin zoben akwai wani ɗan guntun sanda, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, kaurinsa kamar babban yatsa, an yi masa gaɓa-gaɓa don kada ya sulɓe. Ta cire ta miƙo min.

"Wannan?" na ce. "Sajan, ai ko ɓera ba zai ji tsoronsa ba."

"Kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce," ta ce, ta karɓe sandan. "Kama hannuna."

Na kama. Ban ga abin da ta yi ba, na dai ji kamar an zuba min wuta a ƙashin wuyan hannu, sai ga ni durƙushe a gaban ƙofa ina salati. Na tashi ina yarfe hannu, amma zuciyata tsalle take don murna.

Daga ranar, kullum lokacin hutun rana muna cikin sito, tsakanin kwalayen firam. Ta nuna min yadda ake gitta sandan a kan ƙashi, a danne da manyan yatsu biyu, a murza. Ta nuna min bayan hannu, inda fata ba ta da tsoka. Ta ce ba faɗa take koya min ba, kuma duk ranar da jaka kawai ake so, in saki jakar, rai ya fi ta. Sandan na wanda ya riƙe jikina ne.

"Da ya saki, ki zuba da gudu inda mutane suke. Amma fa sandan rabi ne. Rabin ɗayan murya ce. Ki ce, 'Sake ni!' daga cikin cikinki, yadda kurma ma zai waiwaya."

A nan na sha wuya. Hannuna ya iya, don wanda ya saba da sukurorin tabarau ba ya ɓata wuri. Amma muryar sai ta maƙale, in ji ta fito siririya kamar ina roƙon gishiri a maƙwabta. Sajan ta ce in ba ta fito ba, in je in zauna a gida, Dogo ya fi ni gaskiya. Maganar nan ta ƙona min rai, na kwana da ita na tashi da ita.

Asabar ɗin da safe, kafin Inna ta iso, na tare Dogo a falo. Muna zaune ne a hawa na biyu na wani bene mai ɗakunan haya, kuma zafi ya sa tagoginmu duk a buɗe. Na nuna masa sandan.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wannan abin sosa kunnen ne zai tsare ki?"

"Yallaɓai, gani ya kori ji. Riƙe ni. In na kasa ƙwacewa, na bar aikin da bakina."

"In kin ƙwace fa?"

"Sai ka faɗa wa Inna da naka bakin."

Ya ture teburin tsakiya gefe, ya naɗe hannun riga, yana ta murmushin mugunta. Ya cafke min wuyan hannu, daidai inda wancan ya kama. Wallahi sai lungun ya dawo min gaba ɗaya, warin kwata, takun gudunsa, da bakina a rufe. Wani abu ya taso min daga ciki. Na gitta sandan a kan ƙashinsa, na danne, na murza, na buɗe maƙogwaro.

"Sake ni! Na ce ka sake ni!"

Ni kaina na firgita da muryar. Dogo ya yi ƙoƙarin daurewa irin ta maza, na ƙara murzawa.

"Sake ni yanzun nan!"

"Wayyo! Na sake ki!" ya ƙwala, yana zubewa a kan gwiwa. "Wallahi na sake ki!"

Ina tsalle ina tafi ke nan, ina cewa na ci, na ci, sai ƙofa ta bugu da bango. Inna ce, tana haki, mayafi ya zame, takalmi ƙafa ɗaya. A bayanta ga tela na ƙasa da almakashi a hannu, ga matar mai gyaran wuta da kumfar sabulu har gwiwar hannu, ga wasu fuskoki da ban taɓa gani ba ma a benen.

Inna ta yi kan Dogo ta toshe masa baki da tafin hannunta.

"Kul! Kada ka ƙara! Ka haɗiye sauran!"

Ya zaro ido yana gurnani a cikin hannunta. Matar mai gyaran wuta ta rungume ni, ta shafe min riga da kumfa.

"Haba baiwar Allah, me ya yi zafi? Mace da bakinta take neman saki da sanyin safiya? Ai zama haƙuri ne!"

Sai a lokacin na gane abin da kunnuwansu suka ji. Dariya ta kama ni, irin wadda ba ta barin mutum ya yi magana. Ina son in yi bayani, hawaye na zuba, su kuma suna ganin kukan baƙin ciki ne, suna ƙara ba ni haƙuri.

"Inna," na samu na ce, "ni fa na ce ya riƙe ni."

"Kika ce ya riƙe ki, kuma kika ce ya sake ki? 'Yar nan, wanne za mu ɗauka?"

Dogo ya ɓamɓare hannunta daga bakinsa. "Hannu, Inna! Hannunta na saki! Ni ina ni ina sakin mata? Dubi abin da ta yi min!"

Ya ɗaga wuyan hannunsa, ga layi ja ya kwanta a kai. Tela ya leƙa, ya dubi ƙaton, ya dubi ɗan sandan da ke hannuna, ya fashe da dariya har almakashinsa ya faɗi. Falon ya kaure. Kowa so yake ya taɓa sandan, matar mai gyaran wuta tana tambayar ko za a samo mata nata kafin mijinta ya dawo. Da ƙyar Inna ta kora su ta rufe ƙofa.

Ta zauna a kujera, ta gyara mayafi, ta sa na ba ta labari tun daga lungun har sito. Ba ta yi dariya ba. Ta karɓi sandan tana jujjuya shi.

"Kai, da gaske ka riƙe ta, ko wasa?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Da duk ƙarfina, Inna."

"To me ka kira ni in faɗa mata?"

Ya shiga murza hannu. Na zuba masa ido, don alkawari daban, tsoron da ke zuciyarsa daban, kuma na san don yana sona ne yake tsoron. Can ya ɗago.

"Ta ƙwace," ya ce. "Kuma an ji ta. Ba ni da ta cewa."

Inna ta miƙo min sandan, amma ba ta saki ba nan da nan. Ta riƙe gefe, na riƙe gefe.

"Ina budurwa na fara koyon aikin jinya," ta ce a hankali. "Wata rana wani ya tare ni a hanya ya kama min hannu. Na tsira, amma da na faɗa a gida, sai aka ce in zauna. Ba wanda ya ce in yi ihu. Har yau in na shiga asibiti na ga masu farin kaya, sai in kau da kai."

Dogo ya dube ta baki buɗe. Ashe shi ma bai taɓa ji ba.

Ta sakar min sandan, ta share ido da bakin mayafi.

"Litinin ki riga kowa isa shagon, 'yata."