Gyaran Batir na Dogo

Auta da Dogo tebur ɗaya suke zama a ofis, amma a kan gyaran da zai rage wa kwamfuta shan batir sun zama wuta da auduga. Kowannensu ya rubuta nasa kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, don a saka a kanel, zuciyar manhajar nan da kowa ke iya dubawa ya gyara. Mai kula da sashen, wanda ake ce wa Mai-ƙofa, ya ce ɗaya kawai zai karɓa. Dogo ya riƙa tsokanar Auta wai nata jan batir yake kamar rijiyar da ba ta da ƙasa, ita kuwa ta ce nasa ya fi shi tsawo.

Ana cikin haka sai Dogo ya daina zuwa aiki. An ce ba ya da lafiya. Amma gyare-gyarensa ba su daina isa zauren masu kanel na intanet ba, kullum ɗaya ya fi na jiya kyau. Auta ta ce a ranta, ciwon ƙarya ne, gida ya ɓuya yana yi mata yankan baya.

Wata rana da hantsi ta je asibiti ta gani da idonta. Ta tarar da shi kwance da roba a hanci, matarsa na masa fifita. Matar ta ce tun ranar da ya faɗi bai farka ba, kwamfutarsa ma tana kulle a gida. Sai Auta ta lura yatsunsa na motsi a kan zanin gado, suna dannawa, suna tsayawa, suna komawa baya, kamar yana rubutu a kwamfuta.

"Haka yake yi, ƙanwata," in ji matar. "Likita ya ce jijiya ce."

Yatsun suka tsaya. Wayar Auta ta yi ƙara. Saƙon Dogo ne, yana nuna mata kuskure a wani layin kod da ta rubuta da safe, wanda ba ta tura wa kowa ba tukuna. Da ta koma ofis ta duba, kuskuren na nan.

Ta janye nata, Mai-ƙofa ya karɓi na Dogo, ya kuma roƙe ta ta riƙa kula da kod ɗin kafin mai shi ya warke. Ta amsa, amma ta sa aka ɗauke kujerarta daga teburin da suke zama da Dogo, aka mayar da ita kusa da taga, inda mutane ke wucewa.