Ranar da Bunu Ya Kai 'Yarsa Kogi

Duk shekara in damina ta yi nisa, kogi ya fara haurowa bayan gidaje, sai Bunu masunci ya ɗaure ƙafar 'yarsa Amatullahi a jikin turmi. Ba mugunta ba ce. Yarinyar ta isa shiga makaranta amma ba ta magana, ba ta waiwayowa in an kira ta, kuma da an kau da ido sai ta nufi ruwa kamar wadda aka aika. An taɓa tsamo ta daga cikin kacala, ciyawar da ta cinye bakin kogi. Mutanen ƙauyen sun daɗe da yanke hukunci: mutanen ruwa ne ke kiranta, kada ƙafarta ta ƙara taɓa kogi. Suka faɗa, suka koma inuwa hankali kwance. Babu wanda ya tambayi abin da zai faru ranar da ta iya kwance ƙulli.

Ƙanwar Bunu, Ummussalma, mai karatun aikin jinya a Haɗeja, ta zo hutu ta ga shatin igiya a ƙafar yarinyar. Ko ruwa ba ta sha ba ta tare shi. Ta ce abin ya yi kama da lalurar da likitoci ke kira otizim, ya kamata a kai ta a duba, kuma ba iska ba ce, ba laifin uwa ba ne. Ta ce masu bincike sun gano ruwa na jan irin waɗannan yara da yawa, nutsewa kuwa na cikin abin da ya fi kashe waɗanda suka sulale daga gida. Shi ya sa yanzu ake koya musu iyo, a hankali, a wuri ɗaya, da nuni maimakon surutu.

"Yaya, duk ɗan masunci a garin nan ya iya ruwa kafin ya iya saka wando. Ita da ta fi kowa bukata, ita kuka hana."

"Mace ce, Ummu."

"In ta faɗa, kogi zai tambaya?"

Ya nemi ta ba shi tabbacin cewa yarinyar za ta tsira. Ta ce ba ta da shi, kuma sa ido ba zai ƙare ba. Wannan amsar ce ta zauna masa a rai, don da ta cika masa baki da ya yi watsi da ita. Ya san in wani abu ya faru, har ya mutu za a ce shi ya miƙa 'yarsa ga mutanen ruwa. Ya kuma san yatsunta sun fara laluben ƙullin.

Washegari da hantsi ya kai Amatullahi wata fadama inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Baba Fannami, tsohon da ke gyaran komar kamun kifi a gaɓa, ya ɗago kai ya tambaya ko sadakin ma Bunu ne zai biya wa mutanen ruwa, tunda ya kawo musu amarya. Bunu ya gaishe shi ya wuce.

Ranakun farko sun yi muni. Tana ihu, tana cizo. Sai daga baya ya gane ba ruwan take ƙi ba, riƙonsa ne. Ya ɗauko goransa na su, wanda yake kwanciya a kai in zai jefa koma, ya hau tana kallo, ya sauka, ya tura mata. Ta daɗe tana ƙwanƙwasa shi kafin ta kwanta a kai.

Makonni suka wuce kafin ta yarda ta kwanta rigingine babu gora, tafin hannunsa kawai a bayanta. Da kunnuwanta suka nutse, hayaniyar duniya ta ɗauke mata, ya ji jikin da kullum yake a sandare ya saki. Mata masu wanki suka tsaya cak. Daga gaɓa Baba Fannami ya ce, murya ƙasa-ƙasa, babu wasa a cikinta yanzu, "Bunu, kada ka sake ta."

Bunu ya yi bisimilla, ya janye hannunsa.

Ruwa ya taɓo haɓarta, ya rufe bakinta. Ya daure bai taɓa ta ba. Ta tofar, ta buɗe hannuwa kamar yadda ya sha nuna mata, ƙirjinta ya taso. Ta tsaya a saman ruwa, tana numfashi, idonta a kan gajimare.