Sahu Uku

Gida na huɗu ke nan Alhaji Abdulbaqi yake bugawa, hannunsa har ya soma zafi. Maigadi ya leƙo ta 'yar taga.

"Oga yana Abuja. Lafiya?"

"Rasuwa aka yi. Malam Zubairu, maƙwabcina. Bayan azahar za a yi masa salla."

"Wane ne haka?"

"Tsohon da yake zama a gindin maina da rediyo."

"Allah sarki, Baba. Ai mun ɗauka ya tashi daga unguwar. Wallahi Alhaji, ba ni da wanda zan bar wa ƙofa."

Abdulbaqi ya juya. Da safe Hajiya Fatsuma, matar mamacin, ta ce masa daga bayan labule: "Alhaji, yaran suna Turai, ba za su iso ba. Abu ɗaya ya roƙa, a samu sahu uku a kansa. Na bar maka."

Ya ce mata ai wannan ba komai ba ne. Ya tura sanarwa a zauren waya na 'yan layi, addu'o'i suka yi ta zubowa, amma ko mutum ɗaya bai ce ga shi nan zuwa ba. Haka Nassarawa take ranar aiki: katanga, kare, shiru.

Da bara ne, da ko waya ba sai an taɓa ba. A gindin mainar nan akwai benci biyu da teburin mai shayi. Direbobi, masu ban ruwan fulawa, 'yan acaɓa daga Badawa, duk nan suke yada zango, Malam Zubairu a tsakiya yana musu da rediyo. Sai ƙungiyar layi ta ce taron barazana ne ga tsaro. Aka kwashe benci, aka kori mai shayi, aka kafa ƙofar ƙarfe a bakin layi. Abdulbaqi ne ya rubuta takardar, har yana alfahari da Turancinta.

Daga nan tsohon ya shige gida. Wata tara, katanga ɗaya tsakaninsu, Abdulbaqi bai leƙa shi ba. Yanzu kunya ta ishe shi. Ya tambayi maigadi uku inda mai shayin ya koma. Wani ya ce Hotoro, wani ya ce Jigawa. Ko sunansa bai sani ba.

Da aka fito da makara, liman ya duba bayansa. Ladanin masallaci, da direban Abdulbaqi, da 'yan'uwan Hajiya biyu daga Gawuna, sai Abdulbaqi.

"Ku yi bibbiyu," in ji liman a hankali. "A cika wa bawan Allah wasiyyarsa."

Biyu a gaba, biyu a tsakiya. Abdulbaqi ya koma sahu na uku. Liman ya yi kabbara. Abdulbaqi ya ɗan matsa dama yadda ya saba tun yana yaro, don kafaɗarsa ta taɓa ta wani. Babu kowa a wurin.